Mai Juna Biyu, Kada Ki Jira Sai Ciki Ya Fito

Sanin kowa ne cewa kunya takan hana matanmu da yawa zuwa awo sai ciki ya kai wata biyar ko shida. To, wannan jinkiri yana da hatsari, domin cikin kwana 28 na farko ne ake aza harsashin laka da ƙwaƙwalwar jariri, tun uwa ba ta tabbatar ta samu ba.

Bitamin ɗin da wannan gini yake bukata shi ne folik asid. Wani bincike da likitocin Ingila suka bayyana cikin 1991 ya nuna cewa shansa tun kafin shigar ciki yana rage haihuwar 'ya'ya masu buɗaɗɗen gadon baya ƙwarai da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta sha maikirogiram 400 kullum, haɗe da miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Akwai kuma man kifi, wanda likitoci ke kira omega-3. Yana taimakon ƙwaƙwalwa da idanun ɗan tayi, yana kuma rage haihuwar bakwaini. Ana samunsa cikin sardin da titus. Amma fa a kula, man hantar kifi daban ne. Yana cike da bitamin A, wanda yawansa kan nakasa jariri, don haka kada a sha sai da izinin likita.

Ya ku magidanta, da zarar al'ada ta ɗauke, ku kai iyalinku asibiti. Allah Ya sauke su lafiya.