Gargaɗi ga Jama'ar Kurugu: Shanyewar Ɓarin Jiki Ba Ta Jiran Gari Ya Waye

Jama'ar Kurugu da kewaye, daga Karaye har Rogo, a saurara! Duk wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu da ƙafarsa na ɓari guda suka saki, ko harshensa ya sarƙe, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Kada a tsaya cewa iska ce ko sammu. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Amma cikin ikon Allah, ƙwaƙwalwa tana da masu yi mata hidima, ƙwayoyin da likitoci ke kira giliya. Masu siffar tauraro daga cikinsu suna tsotse sinadarin gulutamet, wanda ke malala ya zama guba idan jini ya yanke. Suna ciyar da ƙwayoyin da suka galabaita, daga baya su kewaye raunin don kada ɓarnar ta yaɗu. Wasu kuma suna kwashe matattun. Tamkar maƙwabta ne masu tare gobara da bokiti kafin 'yan kwana-kwana su iso: suna ragewa, amma idan jini bai dawo ba su ma sai su gaza, kumburi ya biyo baya.

Shi ya sa jinkiri ke kisa. Allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna. A riƙe lokacin da abin ya fara, a kai majinyacin babban asibitin Karaye ko na Rogo, a nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ba tare da ɓata lokaci ba.

Kafin nan a kwantar da shi a kan ɓari guda. Kada a ɗura masa ruwa, koko ko rubutu, domin haɗiya kan lalace, abin ya gangara huhu. Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota. Kada a ba shi asfirin daga kemis: idan jijiyar fashewa ta yi, zai ƙara zubar jinin. Ko alamun sun wuce cikin mintuna, a je.

Hawan jini ne babban musabbabi a ƙasar nan. Malam, Hajiya, ku je a auna ku a wannan makon, masu shan magani kuma don Allah kada ku daina.