Gwajin ƙwaya kafin aure: wadda aka kama fa, ina za ta koma?

Shugaban hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ya daɗe yana kira da a riƙa yi wa masu shirin aure gwajin ƙwaya, kuma duk sanda ya maimaita sai muhawara ta kaure. Wasu na murna wai an samu hanyar tace ’yan mata, wasu na cewa tonon silili ne. Kowa dai ya tsaya a kan kamu. Da wuya ka ji mai tambayar ina wadda aka kama za ta nufa, balle wadda tiramol ko kodin ya kai ta gaban alƙali, ta yi watanni a gidan gyaran hali, aka sako ta da ledar kayanta a hannu.

Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan miyagun ƙwayoyi a Najeriya, ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma miliyan 4.6 na shan magunguna irin su tiramol ba bisa ƙa’ida ba. Waɗannan magunguna dangin mofin ne. Idan jiki ya saba aka yanke, sai gumi, zawo, hamma da ciwon ƙashi su taso, a gida a ce aljanu ne. Abin da iyaye ba su sani ba, bayan watanni a tsare jiki ya daina jure adadin da ya saba, idan wadda aka sako ta koma ta sha kamar da, numfashi na iya tsayawa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan fursunonin jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a makonni biyun farko bayan saki, haɗarin mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama’a sau 129. Makonnin nan biyu kuwa a tsakar gida ake yin su, ba a asibiti ba.

Shi ya sa masana ke cewa a haɗa iyali a cikin jinya. Abin takaici, yau ana kawo mana wannan a taron bita kamar sabon ilimi daga Turai, alhali a ƙasar nan aka gwada shi tun kafin samun ’yancin kai. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abeokuta, ya dawo daga karatu a Ingila ya fara aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, suka ba da hayar ɗakuna. Sharaɗinsa, kowane mara lafiya ya zo da ɗan’uwa, galibi uwa ko ’yar’uwa, mai dafa masa abinci, ya raka shi asibiti da safe, su koma ƙauye da yamma. Ɗan rakiyar na ganin yadda magani ke aiki, yana koyon alamun dawowar ciwo, ranar sallama kuma gida ya samu wanda ya san kan lamarin. Lambo bai raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo su cikin aikin, abin da likitocin zamaninsa da yawa suka ɗauka zubar da girma ne. Wannan tsari ya ɗaukaka sunansa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu kuma shekaru 65 bayan haka, a 2019, daga gidajen mari na Rigasa da Daura aka riƙa fito da mutane da mari a ƙafa, yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu.

Na mace ya fi muni. Namiji ya fito, a ce Allah ya shirya, a nema masa jari. Ita kuwa ta tarar da takardar saki, an kwashe ’ya’ya, uba na cewa “ta zubar mana da mutunci.” Wani lokaci ma mijin ne ya fara miƙa mata kwalbar, ko ƙawar da ke zaune a gidan har yanzu. Zaman da ƙwararre zai yi da ita da uwarta da mijinta shi ke fito da irin wannan: wa zai riƙe kuɗi, wa zai raka ta asibiti, yaushe za ta ga ’ya’yanta, wace magana ce za a daina yi mata gori da ita.

Doka ma ba ta hana ba. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kuma Ƙa’idojin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 sun nemi a kula da alaƙar mata fursunoni da ’ya’yansu. Saura aiki. Kwamishinonin lafiya da na harkokin mata, ku sa ma’aikacin jin daɗin jama’a ya zauna da iyalin kowace mace kafin ranar sakinta. Iyaye kuma, idan an kira ku wannan zama, ku je.