Ranar da Mao Tse-tung Ya Koma Mao Zedong

A ranar 1 ga Oktoba, 2000, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da manyan cibiyoyin da ke raba bayanan littattafai, OCLC da RLG, suka koma rubuta sunayen littattafan Sinanci da na marubutansu da tsarin Pinyin. Kafin nan tsarin Wade-Giles suke bi, wanda Turawan Ingila biyu, Thomas Wade da Herbert Giles, suka shimfiɗa a ƙarni na 19. Ƙasar Sin kuwa tun 1958 ta amince da Pinyin, hukumar ISO ta karɓe shi a 1982. Jaridu sun daɗe da sauyawa, ɗakunan karatu ne suka yi jinkiri, kuma a ganina suna da hujja.

Ga inda gizo ke saƙar. Wanda tsohon tsari ke rubuta wa Chang, a Pinyin Zhang ne. Amma Pinyin ma yana da nasa Chang, wanda a da ake rubutawa Ch'ang. Idan kwamfuta ta sake juya bayanin da aka riga aka juya, sai marubuci ya wayi gari da sunan wani. Shi ya sa aka ware gurbi mai lamba 987 a bayanin littafi, ana sa alamar cewa an juya shi. Ba a kuma yar da tsofaffin sunaye ba, an bar su suna yi wa mai nema jagora zuwa sababbi. Sunayen da duniya ta saba da su, irin su Sun Yat-sen da Chiang Kai-shek, an ƙyale su yadda suke.

Abin da ke ba ni tsoro a matsayina na malamin jami'a shi ne aikin da aka bari rabi da rabi. Ɗalibi zai nemi Mao Zedong, ya sami wasu littattafai, ya ɗauka su ke nan, alhali sauran suna kwance a ƙarƙashin Mao Tse-tung. Littafin da aka kasa ganowa da wanda gara ta cinye duk ɗaya ne.

Mu ma muna da irin wannan ciwo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana fitowa a kundaye da rubutu iri-iri, haruffan ƙ da ɗ da ɓ kuma sau da yawa kan rasa lanƙwasarsu a kwamfuta. Ina kira ga ma'aikatan laburarenmu su tsayar wa kowane marubuci suna guda, su ɗaura sauran rubuce-rubucen sunan a kansa.