Yadda koyon yare na biyu ke sauya halayyar yara a Ngaski da Yauri

A ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomin Ngaski da Yauri da Shanga a jihar Kebbi, yaro kan fara magana da yaren gidansu, Kambarci ko Gunganci ko Lopanci. Hausa kuwa a kasuwa da bakin ruwa yake tsintar ta, sannan ya tarar da Turanci a aji, Larabci kuma a makarantar allo.

Wannan cuɗanya ta ƙaru bayan kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, lokacin da ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni. Gungawa da yawa sun koma zama cikin masu jin Hausa, har wasu jikokinsu suka taso ba sa jin yaren kakanninsu.

Yare da tarbiyya

Wanda ya koyi Hausa a kasuwar Wara ko Yelwa, tare da ita yake koyon ɗabi'a: jera gaisuwa kafin ciniki, kiran babba da "ku", da sanin inda ake yin shiru. A 1974 masani Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan "mutumin kirki" a wajen Bahaushe, inda ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya.

Sai dai kunyar da ake yabo a gida takan ɗaure bakin ɗalibi a aji. Masanin harshe ɗan Amurka, Stephen Krashen, ya bayyana cewa fargaba da rashin yarda da kai kan tare hanyar shigar sabon yare. Yaron da aka yi wa dariya saboda karin harshensa yakan daina ɗaga hannu, alhali matambayi ba ya ɓata.

Riba da asara

A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert sun gwada yara a birnin Montreal na Kanada, suka gano cewa masu jin Faransanci da Turanci sun zarce masu yare ɗaya a gwaje-gwajen basira da dama.

A Najeriya kuwa manufar gwamnati ta yi ta sauyawa. A Nuwamban 2022 aka amince a koyar da ɗaliban firamare da harshen uwa, amma a Nuwamban 2025 ma'aikatar ilimi ta soke tsarin, ta mayar da Turanci.

Ko kafin soke shi, tsarin na da wuyar aiwatarwa a wannan yanki, domin yarukan ba su da isassun littattafan karatu. Yaren Shangawa ma na cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa, saboda yawancin masu shi sun koma Hausa.

Nauyin yanzu na kan iyaye da malamai. Yaron da aka nuna masa yaren gidansu abin kunya ne, da wuya ya buɗe baki da ƙarfin gwiwa a wani yaren.