An hana ka diyyar gwiwa? Ga abin yi

Wani ƙanena a Dambatta ya zame da buhun shinkafa a masana'antar da yake aiki, gwiwa ta goce. Ya nemi diyya, aka ce babu.

To ku ji. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kwatankwacin kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. In ka ji ciwo, sanar da shi cikin kwana 14. In hukumar ta ƙi biya, kana da kwana 180 ka nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ka adana hoton ƙashi da takardun likita. Da gwiwar nan fa za ka shiga gona in damina ta zo.