Aminu Ladan Abubakar (Alan Waƙa): Daga Ƙagaggen Labari Zuwa Waƙar Sitidiyo

1.0 Gabatarwa

An saba raba adabin Hausa gida biyu, wato adabin baka da rubutaccen adabi, kowanne kuma a kasa shi zuwa zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Wannan rabe-rabe yana sauƙaƙa wa ɗalibi nazari, sai dai akan sami fasihin da ayyukansa suka ratsa gidaje da yawa, har ya zama da wuya a ajiye shi a gida ɗaya. Aminu Ladan Abubakar yana cikin irin waɗannan fasihai. Wannan babi zai bi sawun rayuwarsa ta adabi domin a ga yadda horon da ya samu a rubutu ya bi shi har cikin waƙa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Aminu Ladan Abubakar a unguwar Yakasai cikin birnin Kano a shekarar 1973, ya kuma tashi a Tudun Murtala, inda ya yi karatun firamare. Laƙabinsa na Ala ya samo asali ne daga haruffan farko na sunayensa uku. Kamar sauran tsararrakinsa, ya haɗa karatun boko da na Islamiyya. A makarantun Islamiyya kuwa, waƙa hanyar koyarwa ce, domin da ita ake haddace darussa, da ita kuma ake yabon Annabi (SAW) a lokutan bukukuwa. A irin wannan muhalli ne kunnensa ya saba da kari da amsa-amo tun yana yaro.

3.0 Zamanin Ƙagaggun Labarai

Lokacin da Ala ya kawo ƙarfi, Kano ta riga ta zama cibiyar littattafan soyayya. Littafin Hafsat Abdulwaheed mai suna So Aljannar Duniya ya fito a 1980, na Ado Ahmad Gidan Dabino mai suna In Da So Da Ƙauna kuma ya fito a 1991, ya sami karɓuwa ƙwarai a wurin matasa. Marubutan wannan zamani su ne ke buga littattafansu da kuɗinsu, su kai wa 'yan kasuwa su sayar. Wannan ne ya sa Ibrahim Malumfashi ya kira ayyukan da Adabin Kasuwar Kano, yayin da Abdalla Uba Adamu ya tsaya wajen kare su a muhawarar da aka yi ta yi a jaridu cikin shekarun 1990.

A cikin wannan ayari ne Ala ya fara fitowa a matsayin marubuci, tun kafin a san shi da waƙa. Daga cikin littattafansa akwai Jirgi Ɗaya da Cin Zarafi da Baƙar Aniya da Sawaba da Jirwaye da Tarzoma. Ko daga sunayen ana iya gane cewa hankalinsa ya karkata ga matsalolin zamantakewa. Dama marubutan wannan zango sukan yi amfani da labarin saurayi da budurwa su tattauna auren dole da kishi da bambanci tsakanin mai kuɗi da talaka. Rubutun zube yana koya wa mai yinsa tsara labari daga mafari zuwa ƙarshe, da gina taurari, da riƙe jigo guda na tsawon shafuka masu yawa.

4.0 Komawa Ga Waƙa

A shekarun 2000 masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa, aka buɗe sitidiyo da dama a Kano, fiyano ya maye gurbin kalangu da kotso a waƙoƙin matasa. Ala ya shiga wannan fage, ya kuma yi fice da waƙoƙi irin su Jami'a, wadda ta yi magana a kan rayuwar ɗalibai, da Baubawan Burmi, wadda ta taɓo shugabanci da zaɓe, da Bakan Dabo ta yabon Sarkin Kano Ado Bayero. Daga baya ya kafa kamfaninsa mai suna Taskar Ala.

Idan aka dubi zubin waɗannan waƙoƙi, za a tarar da kamannun gidaje biyu. Ta fuskar rubutacciyar waƙa, ana tsara su a takarda kafin a rera, suna da baitoci masu daidaitattun ɗangwaye da amsa-amo, sukan kuma buɗe da ambaton Allah da salati. Ta fuskar waƙar baka kuwa, suna tafiya da kiɗa da amshi, suna ɗauke da kirari da yabon sarakuna kamar na makaɗan fada. Hannun marubucin zube yana bayyana a yadda yake jeranta tunani baiti bayan baiti, da yadda yake tono tsofaffin kalmomi da karin magana.

5.0 Gwagwarmaya Da Karramawa

Tafarkin bai kasance shimfiɗaɗɗe ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga 2007 kuma ta tsananta sa ido a kan 'yan fim da marubuta da mawaƙa. A 2009 aka kama Ala aka gurfanar da shi a kotu dangane da waƙar Hasbunallahu, wadda ya yi tare da wasu mawaƙa, bisa zargin fitar da ita ba tare da tacewa ba. Wannan lamari ya tayar da muhawara a kan iyakar 'yancin fasihi da hurumin hukuma wajen kare tarbiyya. Bayan wannan zango, masarautu sun karrama shi, aka naɗa shi Sarkin Waƙar Dutse a Jihar Jigawa, da Ɗan Amanar Bichi a Jihar Kano. Ɗalibai da dama kuma sun rubuta kundayen neman digiri a kan waƙoƙinsa.

6.0 Kammalawa

Rayuwar Ala ta nuna cewa iyakokin da ake shatawa tsakanin rassan adabi na sauƙaƙa nazari ne kawai. Waƙar Islamiyya ta ba shi kari, ƙagaggen labari ya ba shi tsari, sitidiyo kuma ya isar da saƙonsa ga waɗanda ba su iya karatu ba. Don haka, malamin da zai koyar da waƙar zamani a aji yana buƙatar ma'aunan nazarin waƙar baka da na rubutacciya gaba ɗaya.

Jinga

1. Kawo kamannu uku na rubutacciyar waƙa da biyu na waƙar baka da ake samu a waƙoƙin Ala.
2. Zaɓi wani mawaƙi ko marubuci daga ƙasar Gumel, ka tattara ayyukansa, ka bayyana reshen adabin da ya dace a sanya su tare da hujjoji.