Ƴan Daudu Jiya Da Yau: Daga Kano Zuwa Damargu

Jama'a masu karatu, akwai maganar da ba a saba yi a zaure ba, amma ana yin ta da raɗa a bakin rijiya da rumfar kasuwa. Ita ce maganar ƴan daudu, da ta maza masu neman maza da mata masu neman mata. Daga Tanut har Tenhya, can arewacin Damargu inda makiyaya suka fi yawa, labarin yana isowa ta rediyo da wayar salula da bakin ƴan cin rani da suka komo daga Damagaram ko Kano. Ya kamata mu san mafarinsa.

Ƴan daudu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Maza ne masu magana da tafiya irin ta mata. Sana'ar yawancinsu dafa abinci da suyar kaji a tashar mota da kasuwanni. Sunansu yana da alaƙa da bori, domin Daudu kirarin Galadima ne, Ɗan Galadima kuwa sananne ne cikin iskoki. Ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba; da yawa suna da aure da ƴaƴa. Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya fitar da littafi a kansu a 2009. A da ana yi musu ba'a, malamai suna yi musu faɗa, amma ana sayen tuwonsu, ana kiransu biki.

Sannu a hankali al'amari ya sake. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi ya tsananta a kan bori da duk abin da ke tare da shi. A 1999 Zamfara ta yi shelar shari'a, jihohi 12 na arewacin Najeriya suka kama wannan hanya. A Nuwamba 2000, masu fushi da bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai suka faɗa wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi. A 2007 an kama maza 18 a Bauci, an ce sun sa kayan mata. A 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya.

A daidai wannan lokaci wasu ƙasashe suka nufi wata alƙibla dabam. Holan ta halatta irin wannan aure a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Faransa a 2013. Da labarin ya iso, mutane da dama suka ɗauka abin duka shigo da shi aka yi daga Turai, suka manta da maƙwabcin da kakanninsu suka sani.

A Nijar, kundin hukunta laifuffuka na 1961 bai tanadi horo ba ga manya a kan abin da suka yi a ɓoye. A Janairu 2023 shugaba Mohamed Bazoum ya ce za a sake wannan. Kundin Sabunta Ƙasa na Maris 2025 ya haramta al'amarin.

To, ina ruwan ƙaramin gari da wannan? A birni mutum yakan ɓace cikin taro. A ƙauye kowa ya san kowa, har kakansa. Idan aka nuna saurayi da yatsa don muryarsa siririya ce, ko budurwa don ta ƙi miji, ba su da wurin ɓuya. Ciniki ya tsaya, auren ƙannensu ya lalace, uwa ta kasa zuwa rijiya. Wani ya bar gari da dare, ba a sake jin ɗuriyarsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ko mene ne ra'ayin mutum, akwai iyakar da addini da doka suka haɗu a kanta. Suratul Hujurat ta hana mugun zato da binciken asirin mutane. Ƙazafi babban laifi ne. Duka da jifa da kora ba aikin taron jama'a ba ne. Hukunci na alƙali ne, bayan shaida.

Saboda haka muna kira ga masu gari da magadan gari da jandarmomi da malaman yaƙi da jahilci: idan irin wannan ƙara ta zo gabanku, ku fara kare ran wanda ake zargi da mutuncin gidansu. Ɗan wani ne, kuma ɗan ƙasa ne. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.